A Daina Zubar Da Matacciyar Motar Rimot: Maganar Jirgin Ƙasan Yaron Fakku



Maganar wannan mako ta abin wasa ce, kuma mun san tun kafin mu yi nisa wasu za su taɓe baki. A daure a karanta zuwa ƙarshe, sannan a yi mana raddi. Abin da muke son kafawa shi ne, idan yaro a Fakku ko Kuchi ko Kebbe yana sha'awar ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da rimot, hanyar da ta fi dacewa da shi tana cikin matacciyar motar wasan da aka jefar bayan Sallah. Duk mai ce masa sai an yo masa odar na Turai, da mai ce masa ya bar shirme ya kama abin yi, su biyun cutarsa suke yi, ko da ba su yi niyya ba.

Mu fara da abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Jihar Sakkwato ba ta da layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma a nan ya ja birki har yau. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016. An aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Babu ko ɗaya da ya karkato wajenmu. Saboda haka yaron da ya tashi a ƙasar Kebbe ko Tambuwal, a littafin firamare ko a bidiyon wayar yayansa ya san jirgin ƙasa.

Amma wannan yaro maƙeri ne tun kafin wani ya koya masa. Ba shi karan dawa da reza bayan girbi, ka dawo da la'asar ka tarar da tirela mai ƙafa goma. Zai yanko taya daga tsohon silifas, ya yi bodi da gwangwanin madara, ya ɗaura zare ya ja abarsa. Wanda ya ɗan fi wayo zai zaro 'yar dainamo daga matacciyar rediyo, ya haɗa ta da batir, ya ga taya na juyawa. Daga nan ne yake tsayawa, domin babu wanda ya taɓa yi masa bayanin yadda ake ba wa abu umarni daga nesa ba tare da zare ko waya ba. A wannan gaɓar muke rasa shi.

A Turai da Amurka da Japan, haɗa ƙananan jiragen ƙasa sha'awa ce ta manya, har da masu furfura, kuma tana da ma'auni tsayayye. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage girman komai sau 87. Faɗin layin zamani irin na Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne. Raba shi gida 87, za ka samu 16.5, kuma wannan shi ne faɗin layin HO. Akwai N, wanda ake ragewa sau 160, layinsa milimita 9. Akwai Z da kamfanin Märklin na Jamus ya fitar a 1972, ragi sau 220, layinsa milimita 6.5. Kun ga tun ba a je ko'ina ba, lissafin rabawar nan da yaro ke gudu a aji ya biyo shi wurin wasa.

Yawancin waɗannan jirage daga layi suke shan wuta. Ana sakar wa ƙarafan layin biyu lantarki, ƙafafun jirgin su ɗauka su miƙa wa dainamo. Tsarin da ya fi shahara yanzu shi ne DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka ta mai da shi ƙa'ida a shekarun 1990. A tsarin, umarnin yana tafiya ne a cikin wutar layin, kowane kan jirgi yana da lambarsa, mutum kuma ya riƙe rimot ko wayarsa yana magana da akwatin da ke raba umarnin. Tsari ne mai kyau ga wanda ke da ɗaki mai tagar gilashi da wutar da ba ta ɗaukewa.

To, a kawo shi Fakku mu gani. Da farko sai an samo wutar da za a jona. In an samu, ga ƙura. Jirgin da ke shan wuta daga layi ya dogara ne da ɗan wurin da ƙafarsa ke taɓa ƙarfe, wurin da bai kai kan allura biyu ba. Ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ta isa ta shiga tsakani, jirgi ya riƙa tafiya yana sarƙewa. Sannan kuɗinsa da dala ake lissafawa, kuma ranar da wani abu ya ƙone a ciki, daga Tambuwal har Jega ba lalle ka samu wanda ya taɓa buɗe irinsa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin ban sha'awa shi ne, su kansu Turawan da ke shimfiɗa layi a lambun gida sun gaji da goge ƙarfe, da yawansu sun koma sa batir a cikin jirgin suna aika masa umarni ta iska, suna kiran tsarin da mataccen layi. Abin da suka zagayo suka tarar, mu daga nan ya kamata mu fara.

Idan an yarda batir a cikin jirgi zai zauna, saura zaɓen yadda saƙo zai isa gare shi. Hanyoyi huɗu ne a gabanmu.

Ta farko ita ce ta rimot ɗin talabijin. Shi da haske yake aiki, wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira infared. In kuna son shaida, ku saita kan rimot a kyamarar waya ku danna, a yawancin wayoyi za ku ga yana ƙiftawa. Yana da arha, kuma kusan kowane mai gyaran rediyo na da tarinsa. Matsalarsa, sai yana kallon abin da yake wa magana. Jirgi na shigewa bayan turmi, magana ta yanke. Sannan ita kanta rana cike take da irin wannan haske, tana danne na rimot kamar yadda ƙarar injin niƙa ke danne muryar mai magana. Yaron da filin wasansa tsakar gida ne a ranar Sakkwato, wannan hanya ba tasa ba ce.

Ta biyu ita ce ta motocin wasa masu doguwar eriya, waɗanda galibi a kan megahaz 27 suke aiki. Igiyar rediyo ce sak, 'yar uwar wadda ke kawo mana tashoshin FM a tsakanin megahaz 88 zuwa 108. Ba ruwanta da rana, ba sai an saita ta ba, tana kewaye turmi da randa. Aibinta shi ne, in yara biyu suka kunna motocin da ke zango ɗaya, rimot ɗin wannan zai iya juya motar wancan.

Ta uku ita ce ta sababbin motocin wasa masu gigahaz 2.4. Tsawon igiyarsu bai wuce santimita 12.5 ba, yayin da ta megahaz 27 ta kai kusan mita 11, shi ya sa eriyarsu 'yar guntuwar waya ce a ɓoye a ciki. Ana kunna su, rimot da mota za su gane juna su ƙulle, don haka jirage da dama za su iya tafiya wuri ɗaya ba rikici.

Ta huɗu ita ce ta wayar hannu, ta Bluetooth ko Wi-Fi. A nan sai an sayo ɗan allon kwamfuta, kamar Arduino da aka fara yi a Italiya a 2005, ko ESP32 na kamfanin Espressif da ya fito a 2016, wanda ke ɗauke da Bluetooth da Wi-Fi a jikinsa. Sai a ƙara wani allon da ke tuƙa dainamo, irin su L298N, sannan a rubuta masa umarni a kwamfuta. Ita ce ta fi kowacce iya rage gudu da ƙara shi a hankali, domin tana yanka wutar tana sakewa da sauri yadda dainamo zai ji kamar an sassauta masa.

Matsayinmu a fili yake: a fara da ta biyu ko ta uku, kuma daga bola za a samo su. Kowace Sallah yara na zuba kuɗin barka da Sallah a motocin rimot, kafin mako biyu taya ta fita ko bodi ya tsage, a jefar, ko a ba 'yan jari-bola a karɓi alewa. Alhali abin da ya mutu roba ce kawai. A kwance ƙusoshin ƙasan motar, za a tarar da ɗan koren allo mai karɓar saƙo, da gidan batir, da dainamo biyu, na baya mai tafiya da na gaba mai juya sitiyari. Wannan shi ne cikakken injin jirgin ƙasa, an riga an biya kuɗinsa.

Dainamon baya shi zai juya ƙafafun jirgi, gaba da baya. Jirgin ƙasa ba ya da sitiyari, layi ne ke juya shi, don haka wayoyi biyun da ke zuwa dainamon gaba sun zama riba. A jona musu ƙananan ƙwayayen fitila biyu daga matacciyar tocila, ɗaya a juye, tare da 'yar resista don kada su ƙone. In an danna hagu ɗaya ta kama, in an danna dama ɗayar ta kama. Yaron da ya tambayi dalili, a ranar zai gane cewa lantarki na da gaba da baya, kuma ba zai sake mantawa ba.

Gwajin farko, jirgin zai tsinke da gudu ya kife a kwana, domin motar wasa don tsere aka yi ta. Maganinsa ɗan ƙaramin gare a kan dainamo, babban gare a sandar ƙafafu, a haɗa su da robar ɗaure kuɗi. Gudu zai ragu, ƙarfin ja ya ƙaru, wato dai giya ɗaya ta mota. Batir kuma a ajiye shi can ƙasa, nauyinsa ya danne jirgin. Ƙafar jirgi tana buƙatar leɓe daga ciki don kada ta zame daga layi, sai a manna murfin roba biyu, babba da ƙarami, ƙaramin ya hau layi, babban ya tokare gefensa. Kada a ce sai layin milimita 9, allon motar wasa ba zai shiga ba. A ɗauki faɗin milimita 32 ko 45, duka biyun sanannun ma'aunai ne a wannan harka. Tunda layin ba ya ɗaukar wuta, tsagin gora ko siraran katakon da kafinta ke zubarwa sun wadatar, a kwantar da su a kan guntayen kara.

Maganar batir ce kaɗai ba ta son ganganci. A ƙirga batir nawa motar ke ci tun asali. In uku ne, bolt 4.5 ke nan, don haka batir ɗaya irin 18650, wanda ake samu a tsofaffin fitilun sola da batirin laftof, zai riƙe ta, domin shi 3.7 ne, in ya cika 4.2. In aka jera biyu suka ba da 8.4, allon zai iya ƙonewa. Irin wannan batir kuma yana kamawa da wuta in aka huda shi, ko aka haɗa kansa da gindinsa da waya, ko aka bar shi a rana. Wanda ya kumbura a rabu da shi. Cajinsa sai da ɗan allon caji irin TP4056, kuma wannan ɓangare a bar wa babba ko mai gyaran waya, yaro na tsaye yana kallo.

Yanzu ga masu cewa duk wannan wasan yara ne. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York wani ƙaramin jirgin ruwa da yake juyawa daga nesa da igiyar rediyo. Abin wasa ne a ido, amma jirage marasa matuƙa da ake ta magana a kansu yau jikokinsa ne. A 1946 ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka suka kafa ƙungiyar haɗa ƙananan jiragen ƙasa. Wasunsu ba su damu da fentin tarago ba, suna ƙarƙashin tebur suna haɗa tsarin sarrafa layin da tsofaffin kayan tarho. Daga cikinsu aka samu irin su Alan Kotok da Peter Samson, waɗanda suka koma kan kwamfutocin farko na jami'ar, suna cikin waɗanda suka yi Spacewar a 1962, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko a duniya. Ku lura, su ma da tsofaffin kaya suka fara.

In an ce wannan labarin Amurka ne, mu dawo gida. Jelani Aliyu, wanda asalin gidansu Dogon Daji ne a nan ƙaramar hukumar Tambuwal, tun yana yaro yake zanen motoci. Difloma ya yi a fannin zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, kafin ya wuce Detroit ya karanci zanen mota, ya shiga General Motors, ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Da an samu wanda ya yage masa takardun zanensa ya ce shirme ne, wa ya san inda labarin zai tsaya?

Wasu za su ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ku kuna maganar jirgin kara. Ba mu musanta halin da ake ciki ba, a cikinsa muke kwana muke tashi. Amma abin da muka lissafa ba ya cin kuɗin cefane. Kuma a duba sana'o'in da ke ciyar da matasa a garuruwanmu yau: gyaran waya, haɗa sola, gyaran injin ban-ruwa, wayarin ɗin babur. Dukkansu a kan abu guda suka tsaya, sanin inda wuta ta shiga, inda ta fita, da inda ta maƙale. Yaron da ya yi wata guda yana neman dalilin da ya hana jirginsa tafiya ya riga ya shiga koyon sana'a, tun kafin a kai shi wurin maigida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma kada a ce na maza ne kaɗai. Yarinyar da ke iya zare allura ta saƙa hula za ta riƙe ƙarfen narka dalma fiye da wasu samarin.

Akwai kuma 'yan bokonmu masu cewa, tunda zamani ya zo da waya, me za a yi da tsohon rimot? Ba mu ƙi ta waya ba, mataki na biyu ce. Wayar dai ta uba ce ko ta yaya, ba za a bar wa yaro ita ya wuni da ita ba. Allon sai an aika Sakkwato ko Sabon Garin Kano, wani lokaci ma sai an yo oda. Umarnin kuma da Turanci ake rubuta shi. Abin da ke faruwa in aka fara daga nan, duk wanda ya zauna a kwalejin fasaha ya san shi: a kwafo umarnin wani, ko a sayi aikin kammala karatu a haɗe, a nuna wa malami yana aiki, in waya ɗaya ta tsinke a rasa inda za a kama. Wanda ya fara da farke matacciyar mota ba ya faɗa wa wannan rami, domin kowace waya da hannunsa ya jona ta. In ya kai sakandare ya ga jirginsa na fizga wajen tashi, shi da kansa zai nemi ESP32, kuma a lokacin ya san abin da yake nema. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Uzuri na ƙarshe namu ne, mu masu riƙe da alƙalami: wai Hausa ba ta da kalmomin wannan fanni. Wa ya ce? Masu sauraron rediyo sun daɗe da zango da mita da eriya. Makanikai na da giya da birki da filogi. Masu gyaran waya na da nasu, suna ciniki da su kullum. Yaran da kansu sun raɗa wa dainamo suna ba su jira kowa ba. Kalmomin na nan a bakin masu sana'a, rubutawa ce ba a yi ba. Yaron da ke son sanin yadda rimot ke aiki, in ya nemi bayani zai tarar da shi da Turanci ko da Indiyanci, na Hausa kuwa sai an tona. Labaran soyayya muna da su jibge, ba mu ce a daina ba, amma shafi ɗaya da zai sa yaro ya tayar da matacciyar mota shi ma adabi ne, kuma ya fi wuyar rubutawa. A labarin soyayya in ka yi kwana-kwana mai karatu zai yafe. A nan in ka ce jar waya alhali baƙa kake nufi, hayaƙi zai tashi.

Don haka ga abin da muke nema. Kowannenmu ya ɗauki abu ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata, ko yadda ake gane kan batir da gindinsa, ko yadda gare biyu ke rage gudu, ko dalilin da ya sa ƙafar jirgi ke da leɓe. Ya je wurin mai gyaran rediyo ya zauna ya ji sunan da yake kiran kowane abu. Ya rubuta bayanin cikin kalmomin da ba su wuce 500 ba. Sannan ya miƙa wa ɗan shekara 12 takardar da kayan aikin, ya koma gefe ya kama bakinsa. In yaron ya haɗa abin ba tare da ya ɗago ya yi tambaya ba, rubutu ya yi. In ya tsaya, a inda ya tsaya ɗin nan gyara yake.

Sallah mai zuwa kuma, a sa ido. Duk motar rimot da ta mutu a gidajenmu da na maƙwabta, a tattara ta tare da rimot ɗinta, domin ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. A ajiye su a kwali har kara ya bushe. Ba mu san ranar da layin dogo zai wuce Ƙauran Namoda ya nufo mu ba, wannan na hannun masu mulki. Amma na tsakar gida a hannunmu yake, kuma kayansa na nan a bayan ɗaki.

Wanda ke da ja a kan wannan matsayi, muna sauraron hujjarsa. Mu haɗu mako mai zuwa.